Ɗana ya ƙi komai sai shayi da burodi, kakarsa kuma ta ce sai ɗura

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a unguwar Pantami, nan cikin garin Gombe. Ɗana na fari yana da shekara ɗaya da wata goma. Wata huɗu ke nan da yaye shi saboda na samu ciki, aka kai shi wurin Dada, mahaifiyar maigidana, ya yi mako uku a can. Tun da ya dawo abinci ya zama abin rigima a gidan nan. Shayi da burodi kawai yake so, sai biskit da Indomie da lemon kwali. In na kawo tuwo ya kau da kai, in na sa masa shinkafa a baki ya furzar. Dada ta ce sangarta ce, kusan kullum da la'asar sai ta zo ta danne shi ta yi masa ɗurar kunu, yana ihu har ya shaƙe, wani lokaci ma ya amayar. Babansa ya sayo masa maganin cin abinci a kemis, in ya sha sai dai barci. Yana wasansa yana guje-guje, amma duk wanda ya shigo sai ya ce ya rame, ga ɗan maƙwabciyata sa'ansa ɓul-ɓul da shi. Ina jin kamar ni na cuce shi da na yaye shi da wuri. Don Allah a ba ni shawara.

Wata uwa daga Pantami

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana shi, ke kuma Allah ya raba lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina laluben abu ɗaya ban same shi ba. Kin faɗa mini abin da Dada ta ce, kin faɗa mini abin da masu shigowa suke cewa, har ɗan maƙwabciya kin kawo mini shi, amma ba ki faɗa mini abin da sikeli ya ce ba. Na san inda katin awon yake. Yana ƙasan akwati tun ranar da aka yi allurar wata tara, haka muke yi dukkanmu. To ki zaƙulo shi. Tunda dama kina zuwa awon ciki, ranar da za ki koma ki riƙo yaron ku tafi tare, ki ce a ɗora miki shi a sikeli a rubuta a kati, a kuma auna damtsensa. Akwai wani siririn tef mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya a kore, wato ya haura santimita 12.5, alhamdu lillahi. In ruwan ɗorawa ne, tsakanin 11.5 da 12.5, yaro yana bakin gaɓa, sai an tashi tsaye a kansa. In ja ne, ƙasa da 11.5, wannan tamowa ce mai tsanani, ta wuce shawarar shafi, a ranar ake fara magani. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima. A kan nauyin yaro dai ban yarda da ido ba, balle idon 'yan shigowa gaisuwa.

Da yawa daga yaran da ake cewa sun rame, miƙewa kawai suka yi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin ɗa namiji ana haifarsa da kilo 3 da ɗan ɗoriya, ya cika shekara da kusan kilo 9 da rabi, wato ya ninka kansa kusan sau uku. A shekara ta biyu kuwa abin da yake ƙarawa bai fi kilo 2 da rabi ba, ya tsaya a wajen 12. Kuma a shekara biyu cif, mai kilo 10 da mai kilo 15 duk suna cikin layin lafiya, don haka ki bar ɗan maƙwabciya ya huta. In gini ya rage sauri, ai dole a rage sayen bulo. Ga shi ya bar rarrafe ya koma gudu, kumatun jarirai sun zube, wuya ya fito, ƙafa ta yi tsawo. Ke kuma har yanzu kina auna cinsa da na lokacin da yake wata goma, lokacin da in ya hango cokali yake wangale baki kamar ɗan tsuntsu. A wannan shekarun ne kuma yaro yake gano cewa yana da bakin cewa a'a, yake fara ƙyamar duk abin da bai saba gani a kwano ba. Wasu sukan kai shekara biyar ko shida kafin abin ya sake su.

Ban ce komai lafiya ba fa. Yawan abin da yake ci bai dame ni ba kamar irin abin da yake ci.

Mu yi lissafi. Cikin yaro sa'an ɗanki bai fi dunƙulen hannunsa ba in babu komai a ciki, kuma abin da zai iya ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofi mai cin mililita 250 ba, wato rabin ledar fiya wata. Da safe ya sha shayi kofi guda ya ci ɓallin burodi, ciki ya cika. Da hantsi baffansa ya shigo da biskit. Kafin azahar an miƙa masa lemon kwali don ya yi shiru ki samu ki ɗora tukunya. Sai ki sauke shinkafa da wake ki ce ya ci, a ina zai zuba? Yaron nan ba ƙin abinci yake yi ba, a ƙoshe yake. Sai dai ƙoshin ruwan zafi da sukari da fulawa ne, yana kashe yunwa ba ya gina tsoka ba ya ƙara jini. Shayin ma yana da wata illa ta daban: ganyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana hanji tsotse ayon, wato sinadarin ƙarfe, daga abinci, shi kuwa ayon da shi jiki ke haɗa jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa kuma sha'awar abinci takan ƙara barinsa, wani har ya koma lasar ƙasa ko bango. Kin ga abin ya zama zagaye. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannunsa. In kin ga sun yi fari, ki nemi a gwada jininsa ranar awon.

Yanzu maganar ɗura, ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk wasiƙar. A daina ta daga yau, ba daga mako mai zuwa ba.

Ba daga littafi kawai nake wannan magana ba. Ni ma an yi mini ɗura, na kuma yi wa 'yata ta fari, na matse ta tsakanin cinyoyina, tafin hannu a bakinta, ina tsiyaya kunu ina toshe hanci, ina ganin ai gata nake yi mata. Abin da ya raba ni da ita wani yaro ne a gidan da muka taɓa haya. An yi masa ɗura da yamma ya shaƙe, aka jijjiga shi ya dawo, kowa ya koma harkarsa. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi sama-sama, haƙarƙari na shiga yana fita. Ya fi mako a gadon asibiti da robar iska a hanci. Allah ya yi da sauran kwanansa. A maƙogwaro hanya biyu ce maƙwabtan juna, ta abinci da ta iska. In mutum zai haɗiye cikin natsuwa, ta iskar takan rufe da kanta. Yaron da ke tsala ihu kuwa hanyar iskarsa a buɗe take, in aka toshe masa hanci dole ya ja numfashi ta baki, bakin kuma cike da kunu. Ko dai ya shaƙe nan take, ko kunun ya gangara huhu ya zauna ya zama ciwon nimoniya. Ana rasa yara ta wannan hanya, a ce ajali ne, alhali da ludayi a hannunmu.

Ko ba a kai ga haka ba, ɗura tana koya wa yaro darasin da ba shi muke so ya koya ba. Kullum la'asar ana danne shi, ana cusa masa abu yana neman numfashi. Me kike so ya ɗauki kwano da cokali? Shayi da biskit su ne abincin da ba a taɓa yi masa faɗa a kansu ba, shi ya sa ya riƙe su. Ina kyautata zaton rabin furzar da shinkafar nan tsoro ne.

Na san abin da kike cewa a ranki: Anti, ni ce zan hana Dada? A'a, ba ke ba. Suruka ba ta gyara wa uwar miji hannu a kan jikanta, in kin gwada kin buɗe wata rigimar da ta fi ta tuwo. Wannan aikin ɗanta ne. Ki samu maigidanki a lokacin da ya huta, ki karanta masa wannan amsa in ya yarda, shi ya san ta inda zai shiga wa mahaifiyarsa. In da hali ku tafi awon nan da ita, ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya, don tsofaffinmu sukan karɓi magana daga mai farin kaya fiye da daga 'yar cikin gida. Kuma kada ki manta baiwar Allah nan ba mugunta ke kawo ta kullum la'asar ba. Da ɗurar ta raini ɗanta da kike aure, a ganinta kuwa ga shi nan ya girma. In aka karɓe mata ludayi aka bar ta hannu rabbana za ta ji an ce ba ta iya ba. A ba ta wani aikin. Tsakanin kaka da jika ai akwai wasa. Ki ce, Dada, mijin nan naki ya raina girkina, ko za ki zauna ku ci tare, wataƙila ke yake jira. A shimfiɗa musu tabarma, a zuba mata nata a zuba masa nasa, tana ci tana tsokanarsa tana cewa za ta cinye na maigida. Kaka ta fi kowa lokacin zama da yaro, ke kuwa ga ciki ga aikin gida. Ki kuma tambaye ta yadda ake kunun gyaɗa irin na da, da yadda ake gwate. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an cire ɗura a ciki.

To me za a zuba a kwanon? Tunda wurin kaɗan ne, kowane cokali sai ya zo da kaya. Kokon da aka tace aka cika da ruwa har yana zuba kamar shayi, ruwa ne ya sha ado. Kunun yaro ya yi kaurin da in kin ɗebo a cokali kin karkata shi ba zai zube nan da nan ba. Kuma hatsi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da dangin wake. Akwai garin da ma'aikatan lafiya suke koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown, kuma duk kayansa suna nan Tudun Hatsi: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. Ki yi awon da gwangwanin madara don kada ya yi yawa ya daɗe a ajiye. Ki jiƙa waken suya ki murje ɓawon ki shanya ya bushe, ki soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, sannan a haɗa a niƙa. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ko ta motse ki zubar, domin irin wannan tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Haka masara. In za ki dama, ki dafa shi ya nuna sosai, ki zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa ko man shanu. Man nan shi ne ke ƙara ƙarfin abinci ba tare da ya ƙara yawansa ba. Wata rana ki barbaɗa garin busasshen kifi da kika cire wa ƙaya kika daka, wata rana garin zogalen da aka shanya a inuwa. Sukari kaɗan, ko ki murje ayaba a ciki ta wadatar.

Kada dai kunu ya zama shi ne abincinsa. Yaro mai kusan shekara biyu abincin gida yake ci, kuma ya fi son abin da zai ɗauka da hannunsa ya kai baki da kansa. Ƙosai, alale, awara, masa, dafaffen dankalin Hausa musamman mai jan ciki, ɗanwake da aka yayyanka ƙanana, faten wake da manja, gwate da alayyafo da kabewa, 'yar lomar tuwo da aka tsoma a miyar kuka ko kuɓewa. Ki wanke masa hannu da sabulu ki bar shi ya yi kaca-kaca, wanki ya fi jinya sauƙi. Wani abu da mata da yawa ba sa lura da shi: yaji. Miyar da aka zuba wa attaruhu daidai bakin maigida wuta ce a bakin yaro. Ki ɗebi nasa kafin ki zuba, ki kuma sassauta gishiri da dunƙule a nasa. Sau da yawa daga nan kaɗai ake samun sauyi.

Abubuwan da ya riga ya so kuma ki mai da su gada. Burodin nan a shafa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa siriri, ko a tsoma shi a ƙwai a soya. Indomie ba kullum ba, in za a dafa a sa rabin garin ɗanɗanon ko ƙasa da haka, a fasa ƙwai, a yanka karas da kabeji ƙanana. A wurin shayi ki ba shi madara zalla da ɗumi ba ganye, a kofin da ya saba, bayan ya ci abinci ba kafin ba. Tunda ba ya shan nono yana buƙatar madara ko kindirmo kofi ɗaya zuwa biyu a rana, kada ya wuce haka, don ita ma in ta yi yawa tana toshe cin abinci. Kindirmon ya kasance na madarar da aka tafasa, daga hannun da kika yarda da tsabtarsa. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙin nan kuwa sukari ya fi yawa a cikinta, ba ta yara ba ce.

Ƙwai. Na san za a ce yaron da ya saba da ƙwai sata zai yi. Ban taɓa ganin ɓarawon da aka bi tarihinsa aka tarar ƙwai ne ya lalata shi ba. Ina ganin tun asali an faɗi haka ne don a bar kaza ta ƙyanƙyashe. Ƙwai guda dafaffe a rana, ko sau uku zuwa huɗu a mako in aljihu bai kai ba, yana cikin abu mafi amfani da za ki ba shi, kuma kuɗin biskit da lemon kwali na yini ɗaya in aka tara ba zai gaza sayen ƙwai ba. Da damina ga na zabi. Hanta 'yar kaɗan sau ɗaya a mako, a dafa ta yi laushi a murmushe masa a abinci, tana maganin ƙarancin jini. Kifi in ya samu. Kuma mu a gidajenmu an saba tsokar nama ta maigida ce, yaro sai romo da ƙashi ya tsotsa. Romo ba nama ba ne. A yago masa tsoka a daddaka. Bayan abinci a ba shi ɗan abu mai tsami-tsami ko zaƙin Allah: lemon zaƙi, gwaiba da aka cire wa 'ya'ya, gwanda, mangwaro a lokacinsa, kankana, ko tumatir ɗanye da aka wanke, ga shi nan ana kawowa daga Kwadon. Irin waɗannan suna taimaka wa jiki ya ci moriyar ayon ɗin da ke cikin wake da ganye. Gyaɗa guda-guda, aya, gugguru da alewa mai tauri kam a ɓoye su, suna maƙale wa yara a hanyar iska.

Sai tsari, wanda in babu shi duk girkin nan asara ne. Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, a lokutan da ya kusa sanin su. Tsakanin wannan da wancan awa biyu zuwa uku, ba abin da zai shiga bakinsa sai ruwa. Ki sanar da baffanni da goggonni cewa duk mai son ba shi tsaraba ya kawo ayaba ko ƙwai ya damƙa miki. Ki zuba masa kaɗan a kwanonsa shi kaɗai, cokali uku ko huɗu, don tulin abinci yana karya wa yaro gwiwa, in ya cinye ya nemi ƙari. Kwanonsa daban yana sa ki san abin da ya ci, amma a zaunar da shi cikin mutane, in da yaran maƙwabta ma ya fi, yaro na ganin ɗan uwansa na kai loma kwaɗayi ke tashi. Ba bin sa tsakar gida da cokali, ba kunna masa waya a lallaɓa a zura, ba in ka ci zan ba ka alewa, ba kiran dodo. Ki zauna kusa, ki taimaka in ya nema, ki yaba in ya ci. Bayan minti 20 zuwa 30 ki ɗauke kwanon ko ya ci ko bai ci ba, fuskarki a sake, kada ki tashi ki haɗa masa shayi don tausayi. Ke ce mai cewa ga abin da za a ci, ga lokaci, ga wuri. Yawan da zai shiga cikinsa kuwa ki bar masa, shi ke jin cikin.

Zai yi bore, kada in ɓoye miki. Kwana uku ko huɗu na farko zai yi kukan shayi kamar ransa zai fita, zai tsallake abinci ɗaya ko biyu. In sikeli da tef sun nuna lafiyarsa ƙalau, tsallake abinci ɗaya ba zai yi masa komai ba, yunwar da kika daɗe ba ki bari ya ji ba ce za ta dawo da shi. Amma sai kun haɗa baki da babansa, don in kin hana ya shigo da daddare da leda a hannu, an koma gidan jiya. Abin da ya ƙi yau kuma kada ki yanke masa hukunci. Yaro kan buƙaci a ajiye masa abu sau 10 har 15 a ranaku daban-daban kafin ya amince da shi. Yau ya kalla, gobe ya taɓa, jibi ya lasa ya tofar, duk ci gaba ne. Kuma ki riƙa duba cin mako, ba na yini ba. Yaran nan wata rana su ci kamar gara, wata rana kamar masu azumi.

Maganin kemis a ajiye shi. Da yawa daga ruwan maganin da ake sayarwa da sunan na cin abinci suna ɗauke da wani magani da ake kira sifroheftadin, wanda asalinsa na ƙaiƙayi da borin jini ne, barcin nan da kike gani aikinsa ne, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba. Wanda ya fi shi muni shi ne dangin sha-ka-fashe, masu kumbura fuska a ɗauka ƙiba ce, alhali suna raunana garkuwar jiki. Ki saka kwalbar a jaka ki nuna a asibiti. Abin da yake buƙata daga hannun ma'aikatan lafiya daban ne: ɗigon bitamin A duk wata shida har ya kai shekara 5, da maganin tsutsar ciki da ake fara bayarwa daga shekara ɗaya. Ana raba su kyauta a makon lafiyar mata da ƙananan yara da ake yi sau biyu a shekara. Ki duba katin ko an yi masa allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15, da yawa suna mance ta. In damina ta zo masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suka ƙwanƙwasa, ki karɓa ki cika masa kwana ukun kowane wata, ya kuma kwana a gidan sauro, don ba abin da ke kashe wa yaro cin abinci kamar zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa.

Duk haƙurin da na ce ki yi na yaron da ke wasa da guje-guje ne, kamar yadda kika siffanta naki. In kika ga ya daina wasa ya zama shiru-shiru, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura har in kin danna da yatsa wurin ya loma, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi yana zuba, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko tari da saurin numfashi, ko ƙuraje a baki, ko an auna wata biyu zuwa uku a jere nauyi bai motsa ba ko yana raguwa, to ba tsari ake nema ba, asibiti za ki nufa. Tamowa ba maita ba ce, ba kuma shan ciki ba ce, rashin isasshen abinci mai gina jiki ne da yawan ciwo, kuma tana warkewa in an je da wuri. In gudawa ta kama shi, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi abinci kaɗan-kaɗan, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu ya mai da abin da ya zube.

Batun cewa kin cuce shi, ki sauke wannan kayan. Wata 18 kika shayar, ba kaɗan ba ne. Ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku, ita ce kuma ta ce in iyaye suka yi shawara suka yarda a yaye babu laifi a kansu. Abin da zan ce don gaba kawai shi ne, ciki ba ya ɓata nono, mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa ta janye a hankali. Abin da ya fi taɓa yaron a ganina shi ne yadda ya wayi gari rana ɗaya babu nono babu uwa, har mako uku. Bai da bakin da zai ce ya ji haushi, sai ya rufe bakin gaba ɗaya. Ga ƙani ko ƙanwa na tafe, cinyar ma za a karɓe. Kafin lokacin ki riƙa ɗora shi a jikinki ba don abinci ba, ki yi masa wasa, ki yi masa tatsuniya ko bai gane ba, ya san ba sai da cokali kike nemansa ba. Garin kunun nan kuma ki dama da yawa ki sha naki kofin a gabansa, ke ma jikinki na buƙata, kada ki yi wasa da ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba ki wurin awo.

In kun dawo ki rubuto mini kilo nawa aka samu da launin da tef ya nuna, da yadda aka kwashe da makon farko ba shayi. Ki gaishe mini da Dada da kyau, ki ce ina yi mata barka da miji.